Idan ba lokacin farauta ba ne, me mafarauta ke yi?

Wani ɗan'uwa ya turo tambaya, ya ce shi a birni ya tashi, da rani yakan ga mafarauta sun cika mota da karnuka da gorori sun nufi daji, amma da zarar ruwa ya sauka sai ya daina ganinsu gaba ɗaya. To wai ina suke shiga, da me suke ciyar da iyali, me suke yi na nishaɗi, ko zaman jiran rani kawai suke yi?

To ɗan'uwa, ni a gidan maharba na tashi, kakana shi ne Sarkin Bakan ƙauyenmu, daga baya kuma na yi aikin gandun daji inda kullum da su nake hulɗa, wani lokacin cikin daɗi wani lokacin kuma doka ce ta haɗa mu. Amsar a taƙaice ita ce gona suke tafiya. Mafaraucin ƙasar Hausa manomi ne kafin komai, farauta ba ita ke cika masa rumbu ba, kuma ko a zamanin kakanninmu da daji yake daji ba ita ke cikawa ba. Wannan shi ne abin da mutanen birni suka fi kasa ganewa, saboda ranar da suke ganin mutumin nan ita ce ranar da ya sa rigar layu ya rataya ƙaho, ba sa ganinsa ranar da yake duƙe da fartanya.

Ka lissafa da kanka. A wajajen Kano da Katsina da Jigawa ruwa yakan zauna ne daga wajen watan Yuni zuwa ƙarshen Satumba, gero ya shigo tun damina ba ta ƙare ba, dawa kuma sai Nuwamba ko Disamba ake gama kai ta gida. Sai an kwashe amfanin gona kaf, ciyawa ta bushe, sannan ake maganar fita, a yi ta har bazara, kamar wata huɗu zuwa biyar kenan, kuma a cikin watannin ma ba kullum ake fita ba, da yawa sau ɗaya a mako ne, sai in an shirya kwanan daji a yi kwanaki. Kaga fiye da rabin shekara mutum yana gida.

Dalilin da ya sa ake ajiye farauta da damina kuwa ba ɗaya ba ne. Ciyawa ta yi tsawo, gamba ta rufe mutum, ba ka ganin abin da ke gabanka balle kare ya ga zomo. Ruwa ya samu ko'ina, dabbar da da rani dole ta zo mashaya ka tare ta, yanzu tana sha a kowane kududdufi, ta watsu. Rafuka sun kawo, hanya ta yanke. Macizai sun fito. Albarushi yana jan danshi bindiga ta ƙi tashi, tsirkiyar baka ta fata ita ma tana saki. Sannan wa zai yarda ka sako masa karnuka talatin da samari cikin gonar gyaɗa? Rigima kenan har gaban mai gari. Akwai kuma wanda dattawanmu suka fi riƙewa, wato yawancin namun daji da tsuntsaye lokacin suke da ciki ko goyo ko kwanci, zabon daji da makwarwa suna kan ƙwai, wanda ya kashe uwa a lokacin ya kashe naman baɗi. Tsofaffin maharba ba su karanta dokar namun daji ta 1963 da gwamnatin Arewa ta yi ba, amma suna da nasu hanin, kuma yaro in ya karya sai an kira ubansa.

Sai dai ka raba mutum biyu da ake haɗawa. Akwai maharbi na gado, wanda ke shiga daji shi kaɗai ko su biyu, da baka ko bindigar toka, ya san sawu, ya san iska, ya sa kan burtu ya yi rarrafe har ya kusanci gada. Akwai kuma 'yan farautar gayya, masu karnuka da gora da barandami da makaɗi, waɗanda ka gani a mota. Na biyun nan in na cikin gari ne, ai kana tare da su kullum ba ka sani ba: mahaucin da ke yanka maka nama, maƙeri, ɗan dako a kasuwar hatsi, mai acaɓa ko Keke Napep, birkila, bakanike, mai faci, mai wankin mota. Farauta a wajensu ita ce abin sha'awar, sana'ar kuma daban take. Akwai malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma da na sani masu karnuka, Litinin zuwa Juma'a suna ofis. Maharbin gado shi ne wanda daji ke bin sa har gida duk shekara, kuma yawancin abin da zan faɗa a nan nasa ne.

Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗowa, za ka ga ya rataye kwari a ɗaki ya shiga sharar gona da kai taki. Daga nan shuka, firi, maimai, huɗa, sai girbi, babu abin da ya bambanta shi da maƙwabcinsa. In gonarsa ƙarama ce ya yi ƙodago a ta wani. Abu ɗaya da na lura da shi shi ne gonakin maharba sun fi zama a bakin daji, can ƙarshen gari inda wasu ke tsoro, saboda kakanninsu ne suka fara sassabe wurin, garuruwa da yawa ma in ka bi tarihinsu za a ce maka maharbi ne ya fara zama. To gonar bakin daji kuma ita dabbobi ke fara ci, shi ya sa ko da damina ba a cewa ya rabu da baka ɗungurungum. Birai su shigo masara, gwaggon biri ya zo da rundunarsa, gadu ya tone rogo, beguwa ta bi dankali da dare, kurege ya tone irin da aka shuka jiya. Manoma sukan zo har gida su ce Baba a taimaka mana, ya je ya ɗana tarko ko ya kwana a gonar, in kaka ta yi a ba shi dami ko kwanon hatsi. Wannan ba farauta ake ɗaukarsa ba, tsaron gona ne. A ƙauyukan da ke kewaye da Yankari a Bauchi abin har da giwaye, su kam doka ta hana a taɓa su, sai dai kora da ƙara da wuta da kiran ma'aikatan dajin.

Yanzu kuma noman rani ya zo ya ci wani ɓangare na lokacin farautar kanta. Tun da aka gina madatsar Tiga a shekarun 1970 aka ja ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, mutumin da da zai yi rani a daji yanzu yana da tumatir ko alkama ko shinkafa da ke jiran ban ruwa. Haka abin yake a fadamun Haɗeja da wajen Bakolori. Mai injin ban ruwa ba ya iya tafiya kwanan daji na mako biyu, sai dai ya fita ranar da ya samu sarari. Ni a ganina wannan alheri ne, don kuɗin kwandon tumatir tabbas ne, naman daji kuwa yanzu sai a wuni ana yawo mutum hamsin a dawo da zomaye da gafiya da 'yan makwarwa. Gwanki da ɓauna da mariya da kakanninmu ke ba da labari, yaran yanzu a hoto suka san su.

Sana'ar da ta fi kowacce manne wa maharbi ita ce magani, kuma a nan ne yake samun ɗan kuɗin cefane duk shekara. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana kwana a daji ya san itace fiye da kowa a gari, ya san inda sanya take, inda ake samun hano da marke da maɗaci da tafashiya da kirya, ya san wane kauci ne na wane itace. Da damina ganye yake ɗiba saboda lokacin yake da ƙarfi, saiwa da sassaƙe kuma ya fi tara su da rani lokacin da yake daji, ya kawo gida a shanya a inuwa, matan gida su daka su tankaɗe su ƙulla. Da safe kafin ya tafi gona za ka tarar da mata a zaure, wannan ɗaurin jariri take so, wannan maganin shawara, wannan na basir ko sanyi ko ciwon baya. Ranar kasuwa kuma ya ɗauki buhunsa ya je ya yi shimfiɗa. Wasu ba sa zaman kasuwa, sai dai su kai wa 'yan shimfiɗa sari, irin waɗanda za ka gani a kasuwar Kurmi a Kano.

Akwai ladabin ɗibar magani da tsofaffi suka koya mana wanda nake jin zafin yadda ake watsar da shi. Ba a zagaye itace da sassaƙa, a ɗiba ta gabas a ɗiba ta yamma a bar sauran ya warke. In ka tona saiwa ka yanki ɗaya ka mayar da ƙasa. Yanzu masu cika buhu don kai wa birni sai su feɗe maɗaci tun daga ƙasa har inda hannu ya kai, shekara ta zagayo ka tarar ya bushe a tsaye. Haka zancen sassan dabbobi. Ungulu da da take cika kowace mahauta, yau yaro zai girma bai ganta ba, kuma neman kanta da ake yi don asiri yana cikin manyan dalilan. Wannan ko ɗan gidanmu ne ya yi ba zan kare shi ba.

Sannan maganar maciji, dan Allah a ji ni da kyau, domin damina da kaka su ne lokacin da aka fi saran mutane a gona, kuma gidan maharbi ake fara rugawa. Na san akwai abin da suke bayarwa, na san mutane sun yarda da shi. Amma kububuwa dafinta jini yake hanawa daskarewa, mutum zai yi kamar ya samu sauƙi kwana ɗaya biyu sai jini ya fara fita ta dasashi da fitsari. Abin da ke tsayar da wannan allurar kashe dafi ce ta asibiti, irin wadda ake yi a asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe. Maharban kirki da na sani yanzu da kansu suke cewa a ɗauki mutum a babur a tafi, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure da igiya tamau. Wanda ya riƙe maras lafiya a zaurensa kwana uku don kada a ce maganinsa bai ci ba, ya ɗauki alhakin rai.

Mu koma kan karnuka, don in ka tambayi mai farautar gayya abin da ya fi cin lokacinsa da damina bayan sana'arsa, zai ce maka su ne. Kare ba a rataye shi a ƙusa kamar kwari, wata bakwai ko takwas yana ci ba ya kawo komai. Kullum sai an tuƙa musu tuwon dusa, a bi gidaje a karɓo ƙanzo, a je wajen mahauta a samo ƙashi da tarkace. Mai kare biyar ko shida yana da wani iyalin ne bayan nasa, kuma na sha ganin inda wannan ya jawo magana tsakanin mutum da matarsa in hatsi ya yi tsada a watan Agusta. Damina kuma lokacin kaska ne da ƙuma, sai an riƙa cire musu ana yi musu wanka, a ɗaure su kada su shiga gonar mutane ko su kama akuyar wani a ci mai su tara. A lokacin ne kuma ake haɗa barbara, mutum zai yi tafiya mai nisa da karyarsa don an ce wane yana da kare mai gudu, a yi alkawarin kwikwiyo ɗaya na mai karen ne. 'Yan kwikwiyon su taso, da an fara girbi a riƙa fita da su bayan gari suna bin gafiya da kurege tare da manya, har su san kira su san ƙaho. Sunayen da ake sa musu ma rabin su habaici ne ga abokin hamayya.

Masu cewa ai kiwon kare ba na Musulmi ba ne, su duba aya ta 4 a Suratul Ma'ida, an halatta abin da dabbar da aka horar ta kamo in an ambaci sunan Allah, kuma malamai sun yi bayanin karen farauta da na gadi da na kiwo. Abin da nake roƙon masu karnuka shi ne allurar haukan kare, sau ɗaya a shekara, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato tana yin ta, a tambayi malaman dabbobi na ƙaramar hukuma. In kuma kare ya ciji yaro a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa kamar minti 15 a wuce asibiti ranar, don ciwon nan in ya bayyana ba a tashi.

Gyaran kayan aiki shi ma aikin lokacin zama ne, musamman ranar da ruwa ya hana zuwa gona. Maharbi ya zauna a zaure ya fito da kibansa ɗaya bayan ɗaya, ya canza kyauron da ya tsage, ya wasa baki, ya shafa wa baka mai, ya murza sabuwar tsirkiya. Dafin kibiya da ake haɗawa da ƙwanƙwani shi ba a gaban yara ake yin sa ba, kuma ba kowa ake koya wa ba ko a cikin 'ya'ya. Mai bindiga ya kai ta wurin maƙeri a duba kunama da bututu, shi ya sa za ka ga maharbi da maƙeri abokan juna ne na ƙut da ƙut, wasu gidajen ma duka biyun suka gada. Rigar layu a kai wa baduku ya sake ɗinke waɗanda suka fashe, warki da burgami a shafa musu mai kada danshi ya cinye su. Wanda ke da hankali kuma a wannan lokacin yake bin zancen takardunsa, lasisin bindigar toka a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha yake, ga katin ƙungiya, don yanzu tafiya da makami ba takarda ganganci ne.

Ƙananan hanyoyin samu kuma suna da yawa, ba sai na daɗe a kansu ba. Wasu suna rataya amya su sha zuma, wasu su koma kamun kifi in akwai kogi kusa, wasu jima, wasu kiwon tumaki don babbar sallah, wasu saran itace da gawayi, wanda shi kam ni ba na so, don mai farauta da ke ƙone dajin da yake farauta a ciki kansa yake yi wa.

Nishaɗi kuwa, mafarauci ba ya rabuwa da 'yan'uwansa. Bayan la'asar ko bayan isha za ka same su a ƙofar gidan Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, ana dara ana cin goro ana labarin daji, wane ya yi kaza a Falgore, wane kura ta bi shi a dajin Rugu tun kafin dajin ya zama abin da ya zama. Labari ɗaya za a maimaita shi shekara ashirin kuma ba wanda zai gaji, a nan yara ke koyon rabin abin da suka sani, wace dabba ce ke juyowa in ta ji ciwo, me ake yi in an ɓata, wa ke da naman in kare biyu suka kama tare. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, yawancin faɗan da ake yi a daji a kansa ne, kuma a irin wannan zaman na damina ake sasanta rigimar da aka kwaso da rani. In ɗayansu zai aurar da 'ya ko an yi masa haihuwa ko naɗin sarauta, sai a aika wa na garuruwa goron gayyata, su zo da makaɗansu. Maharba da komo, 'yan tauri da gangi, kowa in an kaɗa takensa ya zabura ya fito fili ya yi kirari, ya ambaci ubangidansa da dazukan da ya shiga. Wanda bai taɓa tsayawa kusa ba ba zai gane yadda kiɗan nan ke taɓa su ba, na ga tsoho mai shekara saba'in yana rawar jiki yana hawaye don an kaɗa taken mahaifinsa. Da sallah kuma su ne 'yan baka da 'yan bindigar da ke cikin tawagar sarki ko hakimi, a Kano ko Katsina ko Zazzau in ka ji bindiga ta tashi a hawa, akwai yiwuwar mutumin da ya ɗura ta, jiya yana gonarsa. Da kaka a je kallon dambe da kokawa. Matasansu yanzu suna da zaurukan WhatsApp, ana tura bidiyon karnuka a TikTok ana cika baki kafin rani ya zo.

A nan dole in faɗi abin da ke ɓata musu suna. A cikin birane, musamman Kano, wasu 'yan daba sun shige rigar farauta, su sha ƙwaya su fito da makamai da sunan kiɗan gangi, a ƙare da sara da ƙwacen waya, har hukuma ta kai ga hana kiɗan a cikin gari. Ba na ganin laifin hukuma a kan wannan. Amma yaron da bai taɓa kwana a daji ba, bai san sawun gada ba, ba shi da ubangidan da zai tsawata masa, kada a auna dattijon ƙauye da shi.

Sai babban canjin da na gani da idona, wanda ya sa tambayarka ta zo a kan gaɓa. A da in damina ta sauka maharbi gona yake komawa, yanzu da yawa tsaro suke komawa, kuma shi ba shi da rani ba shi da damina. Dama can akan ɗauke su gadin kasuwa ko unguwa ko gidan mai, don an san ba sa tsoron dare. Amma daga 2014 abin ya zama wani iri. Bayan sace 'yan matan Chibok a watan Afrilun shekarar, ɗaruruwan mafarauta suka taru a Maiduguri suna neman a ba su izini su shiga Sambisa. A watan Nuwamba na shekarar kuma suna cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwato Mubi a Adamawa daga hannun Boko Haram. A cikin mafarautan da suka shiga wannan yaƙi har da mace, Aisha Bakari Gombi, wadda ɗinki take yi kafin ta koma wannan aikin, kaga ko ita sana'arta ta zaman gida daban ce. Daga nan jihohi da ƙananan hukumomi suka riƙa neman su, rakiyar manoma zuwa gona, rakiyar motocin kasuwa, nuna wa sojoji hanya, bin sawun shanun sata da masu garkuwa da mutane.

Sanin daji ne ake saya a wurinsu, kuma ana sayensa da arha. Mutum da bindigar da sai an ɗura ta bayan kowane harbi ake turawa gaban mai AK-47, alawus ɗin in ma akwai shi ba ya isar buhun masara, yakan yi watanni bai zo ba, in an kashe shi a zo ta'aziyya da ɗan abin da aka kawo shi kenan, marayu su koma hannun ƙaninsa wanda shi ma manomi ne. Gonarsa kuma wa zai nome ta yana can? Na san gidajen da suka koma awo a shekarar da maigidan ya shiga sintiri, alhali da daga rumbunsu suke ci. Ta ɗaya ɓangaren kuma, ba mutum makami da iko ba tare da horo da mai sa ido ba yana kawo zalunci, an ga inda 'yan sa-kai suka kashe wanda bai ji ba bai gani ba don kawai ƙabilarsa, abin ya ƙara hura wutar da ake son kashewa. In za a yi amfani da su a yi musu rajista, a horar da su, a biya su a kan lokaci, a san wanda za a tambaya in an yi ba daidai ba.

Wasu kuma kudu suke tafiya, can dajin da sauran nama, su yi watanni suna farauta suna gadi suna turo kuɗi gida ta waya, sai sallah ko faɗuwar damina su dawo. Irin waɗannan ne mutum 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen Maris na 2025, suna hanyar dawowa daga jihar Ribas za su yi ƙaramar sallah a gida, aka ga bindigogin toka a motar aka ce masu garkuwa ne. Da yawansu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure ne a Kano. Allah Ya jiƙansu. Mutanen nan magidanta ne masu gonaki da 'ya'ya, abin da ya fitar da su shi ne abin da ke fitar da kowane ɗan ci-rani.

A cikin gida kuwa rayuwarsu irin ta kowa ce, sai dai matar maharbi tana ɗauke da kaya fiye da yadda ake zato. Da rani ita ke riƙe gida in ya yi kwanaki ba labari, ita ke ƙyafe nama, da damina ita ke daka magani, sau da yawa ma ta fi shi sanin na yara da na mata, in ya mutu ita ake ci gaba da zuwa wurinta. Yara da safe allo ko boko, da hantsi gona. Iyaye da yawa yanzu ba sa son ɗansu ya gaji baka, sun fi son ya yi karatu ko ya koyi walda, ɗaya a cikin 'ya'ya ne za ka ga zuciyarsa na can, shi ke bin tsoho yana riƙe masa burgami. Tsofaffin da ƙafa ta gaza kuma sun koma masallaci da zaure, suna ba da magani suna raba gardama.

Idan kaka ta ƙare sai ka ga jikinsu ya fara tashi, ana aike tsakanin garuruwa, ana neman izinin hakimi da sanar da 'yan sanda, ana karo-karon kuɗin mota. A wasu wuraren har yau ba a shiga sai an yi bikin buɗin daji, kamar yadda ake yi a Masalata kusa da Birnin Ƙonni a Nijar, a yawancin garuruwanmu kuma addu'a ake yi da sadaka a sa rana.

In kana son ka gan su da idonka a wannan lokacin na zama, kada ka je da safe, suna gona. Ka bari sai ranar kasuwar garin ko bayan la'asar, ka tambayi gidan Sarkin Baka, ka riƙe goronka, ka fara gaida shi kafin kowa. Ka tambaye shi labarin daji da karnuka da itatuwa zai ba ka har ka gaji, amma kada ka ɗaga waya ka fara ɗaukarsa ba ka nemi izini ba, kuma kada ka taɓa rigar da ka gani a rataye ko ka tambayi abin da ke cikin layun.